Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Ake Ɗaukar Hoton Jirgi Yana Sama?

Tambaya: Ni mai ɗaukar hoto ne a Bodinga. Aikina biki da suna da walimar sauka, wani lokaci har Shagari da Yabo ake kirana. Ina da tsohuwar Canon da lensi biyu, ƙarami da mai zuƙowa 75 zuwa 300. Jirage na wucewa ta kanmu, amma duk sa'ad da na ɗaga kyamara, ko dai jirgin ya fito baƙin ɗigo, ko ya fito dishi-dishi. Wanga abu ya dame ni, don ina da burin zuwa bikin sojojin sama in an yi shi kusa da mu. Wane shiri zan yi? Kuma sai na sayi sabuwar kyamara?

Daga wani mai karatu a Bodinga, Jihar Sakkwato.

Amsa: Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe, tunda ita ce ta shafi aljihu. A'a, ba sai ka sayi sabuwa ba. Idan kyamararka irin ƙananan Canon ɗin nan ce da suka cika hannun masu hoton biki, to lensinka mai kaiwa 300 yana gani kamar na milimita 480 a kan babbar kyamara, domin ƙaramar sensa tana ninka tsawon lensi sau 1.6. Wannan ya isa a fara. Baƙin ɗigon da kake kuka da shi daga wurin tsayuwa yake da awon haske. Dishi-dishin kuwa daga hannunka yake da saurin shota. Duka biyun da ƙafa da haƙuri ake gyara su, kuɗi ba ya shigowa sai daga baya.

Bikin da kake buri yana nan. Rundunar Sojin Saman Nijeriya, wadda aka kafa a 1964, takan yi bikin zagayowar shekararta, galibi cikin watan Mayu, kuma ba a gari ɗaya take yinsa ba. An yi a Makurɗi a 2021, inda aka ƙaddamar da jiragen yaƙi JF-17 guda uku da aka sayo daga Pakistan, an yi a Kano a 2022, na cika shekara 60 kuma aka yi faretinsa a Kaduna a 2024. Akwai kuma shawagin da jirage kan yi a saman dandalin Eagle Square da ke Abuja a wasu bukukuwan 1 ga Oktoba. Manyan na duniya, irin na Le Bourget a Faransa da Farnborough a Ingila da na Dubai, waɗannan sai mai hali. Abin lura shi ne wasan jirage minti kaɗan ne. Wanda ya bari sai ranar zai koyi sarrafa kyamararsa, zai koma gida da hotunan sarari fal.

Kai kuwa ka yi dace da maƙwabci. Filin jirgin sama na Sultan Abubakar III yana tsakaninku da birnin Sakkwato, kuma ko ba ka matsa kusa da shi ba, zai koya maka abu biyu da kowane mai hoton jirgi yake fara tambaya: ina iska take, ina rana take.

Titin jirgin filin guda ɗaya ne, tsawonsa kusan kilomita 3, an rubuta 08 a wannan baki, 26 a wancan. Lambobin nan alƙibla suke nunawa, wato digiri 80 da digiri 260, kusan gabas da yamma ke nan. Jirgi kuwa yana son ya tashi ya kuma sauka yana fuskantar iska, don ta taimaka wa fikafikansa su ɗauke shi ba tare da ya yi dogon gudu a ƙasa ba. To da hunturu iskarmu daga arewa maso gabas take busowa, saboda haka za ka fi ganin jirage suna gangarowa daga yamma, hancinsu na kallon gabas. Da damina iska ta juya, tana zuwa daga kudu maso yamma, sai su fi shigowa ta gabas. In iska ta kwanta, masu hasumiya ne ke zaɓa. Ka sa ido mako guda kawai, za ka ga wannan tsari da kanka. Akwai kuma manhajar Flightradar24 a waya, tana nuna jiragen fasinja da inda suka dosa, ko da yake na soja ba su cika bayyana a cikinta ba.

Sai rana. Dokar ɗaya ce da ta hoton amarya: rana a bayanka, abin ɗauka a gabanka. Da hantsi ka fuskanci yamma, bayan la'asar ka fuskanci gabas. Amma akwai wani ƙarin da ya shafi ƙasarmu. Sakkwato tana wajen digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, don haka daga ƙarshen Agusta har zuwa Afrilu rana tana karkata kudu. Wanda ya tsaya kudu da hanyar jirgi yana kallon arewa, wato ta ɓangarenku na Bodinga, hasken yana faɗa wa gefen jirgin da yake kallo. Daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta kuwa rana takan ɗan koma arewa, da azahar tana bisa ka sosai, sai bayan jirgi ya sha haske, cikinsa da kake hange daga ƙasa ya zama inuwa. A irin wannan lokaci, hoton tsakar rana ɓata batir ne.

Ko da ka tsaya daidai, kyamara za ta iya cutarka. Idan ka ɗaga ta sama, abin da ya cika mata ido sarari ne mai haske, sai ta ɗauka hasken ya yi yawa ta rage shi, jirgin da ke tsakiya ya koma baƙi. Nemi maɓallin nan mai alamar ƙari da ragi, ka ƙara zuwa +1. Ka ɗauka, ka duba. In farin jikin jirgin ya ƙone har ba a ganin layin ƙofa da taga, ka ɗan rage. In kyamararka tana ɗaukar RAW, yi amfani da shi, domin yana ba ka damar ceto inuwa a kwamfuta fiye da JPEG.

Batun ƙanƙanta kuma lissafi ne, kuma gara ka san shi don kada ka wahalar da kanka. Da lensinka a ƙarshen zuƙowarsa, faɗin abin da kake gani a nisan kilomita ɗaya kusan mita 75 ne. Boeing 747, irin wanda Max Air ta daɗe tana jigilar alhazai da shi, tsawonsa kusan mita 70 ne, don haka a nisan kilomita ɗaya zai cika maka hoto. Super Tucano na sojojin sama, wanda guda 12 suka iso ƙasar nan a 2021, tsawonsa mita 11 da 'yan kai ne, sai ya matso kusan mita 150 kafin ya cika hoton. Waɗancan da ke wucewa can ƙololuwa suna jan farin layi, suna sama da kilomita 10, ka ƙyale su. Babu lensin da ke kasuwar Sakkwato da zai sauko maka da su.

Yanzu ga inda aikin yake, saurin shota. Juya kyamararka zuwa Tv, a Nikon kuma S, yadda kai za ka zaɓi saurin, ita ta zaɓi ƙofar haske. Jirgin yaƙi mai gudun kilomita 800 a awa yana cin fiye da mita 220 a daƙiƙa guda. Irin wannan, da manyan jiragen fasinja marasa farfela, ka ba su 1/1000 zuwa 1/2000, ba wata dabara. Su ne ma masu sauƙi.

Mai farfela shi ne mai wuyar sha'ani, kuma a nan ake gane wanda ya iya. Idan ka ɗauke shi da 1/2000, komai zai fito tsaf, har da farfelar, tana tsaye cak. Mai kallo ko bai san dalili ba zai ji wani abu bai yi ba, domin jirgin da farfelarsa ta tsaya a sama injinsa ya mutu ke nan. Dole a bar ta ta nuna tana juyawa. Ɗauki farfela mai zagaye 2,000 a minti, wato kusan 33 a daƙiƙa. A 1/1000, kowane reshenta digiri 12 kacal zai motsa, da ƙyar a lura. A 1/250 zai share digiri 48, a nan ido ya fara yarda cewa jirgin yana tafiya. In rassan biyar ne, kamar na Super Tucano, tsakanin kowane biyu digiri 72 ne, don haka sai ka sauko wajen 1/160 kafin su haɗe su zama faifai guda. Jirgi mai saukar ungulu ya fi haka wuya, domin babbar farfelarsa zagaye ɗari biyu zuwa huɗu kawai take yi a minti, sai 1/125 ko ƙasa da haka kafin ta nuna motsi. Shawarata ka fara da 1/320 har ka sami 'yan hotunan da ka tabbata da su, sannan ka riƙa saukowa. Ni dai a ganina, hoto ɗaya mai farfela tana juyawa ya fi ashirin masu kaifi da farfela a sandare.

Sai dai rage saurin shota yana jawo dishi-dishin da ka kawo ƙara a kansa, balle irin lensinka galibi ba shi da na'urar hana rawa. Maganinsa bin jirgi da kyamara, yadda maharbi ke bin tsuntsu da bakin bindiga kafin ya saki. Ka ware ƙafafunka, yatsunsu na kallon wurin da kake son ɗaukar hoton, ba wurin da jirgin ke fitowa ba. Ka murɗa ƙugunka zuwa inda yake tahowa, gwiwar hannu biyu manne da haƙarƙari, tafin hagu a ƙarƙashin lensi, kyamara dafe da goshi. Ka kama shi tun yana nesa, ka danna maɓalli rabi, ka bar ƙugun ya warware a hankali yana binsa. Da ya iso gabanka ka ƙarasa dannawa, hoto uku zuwa biyar a jere, kuma kada ka tsaya. Ci gaba da binsa har ya wuce. Yawancin hotunan da ke lalacewa, a daidai lokacin dannawa ne hannu ke tsayawa ba tare da mai shi ya sani ba. Fokas ka sa shi a AI Servo, a Nikon AF-C, don ya riƙa bin abin da ke motsi, ka zaɓi ɗigon tsakiya, shi ya fi saurin kamawa a tsofaffin kyamarori. Abin ɗora kyamara mai ƙafa uku da kake zuwa ɗaurin aure da shi, bar shi a gida, zai harɗe ka ne kawai.

Wannan juyi ba ya zama a jiki sai an yi ta yi, kuma ba ka buƙatar jirgi don ka koye shi. Babbar hanyar Sakkwato zuwa Jega ta ratsa ta Bodinga ta bi ta Shagari. Sami wani abokinka ɗan kabu-kabu, ku nemi wuri mai sarari nesa da shingen jami'an tsaro, ya riƙa wucewa ta gabanka kana binsa da 1/125. Idan fuskarsa da lambar babur suka fito tsaf, wayoyin taya suka narke, itatuwan baya suka zama zane-zane, hannunka ya fara zama. Tayar babur ita ce farfelarka. Don koyon kamo abu a sarari kuma, ka je bakin dam ɗin Shagari da safe. Belbela tana tafiya a miƙe a hankali, ita ce ta masu farawa. Shirwa kuwa tana karkata tana juyawa ba sanarwa, wanda ya iya riƙe ta a tsakiyar hoto ba zai sha wuya da jirgin da ke wasa ba. In sallah ta zo, sukuwar dawaki ma makaranta ce.

Akwai abokan gaba biyu da littattafan hoto na Turai ba su cika damuwa da su ba, mu kuwa da su muke kwana. Na farko zafi. Daga Maris zuwa Mayu, sa'ad da Sakkwato ke haura digiri 40, iskar da ke tashi daga ƙasa mai zafi tana rawa, ita ce kawalwalniyar da kake gani a kan kwalta. Dogon lensi yana tattaro wannan rawar ya ninka ta, sai jirgin da ke ƙasa-ƙasa daga nesa ya fito a lanƙwashe, ka yi ta zargin fokas alhali ba laifinsa. Ba ta da magani sai sammako, ko ka jira jirgin ya ɗaga sama sosai ya rabu da ƙasa. Ka kuma tuna jigilar alhazai, wadda ita ke kawo manyan jirage Sakkwato, a 'yan shekarun nan cikin bazara da farkon damina take faɗowa.

Na biyu ƙura. Hazon hunturu yana wanke launi ya bar hoto fari-fat, wani lokaci ma ya hana jiragen sauka gaba ɗaya. Amma ɓarnar da ta fi ciwo a cikin kyamara take. Da ranarmu, in ka sa ISO 100 da 1/160, kyamara za ta matse ƙofar haske zuwa wajen f/13 ko f/16, kuma a nan ne duk wata ƙura da ta kwanta kan sensa take fitowa ɗigo-ɗigo a sararin hoton. A hoton biki ba ka ganinta, saboda ƙofar a buɗe take kuma bayan cike yake da mutane. Gwada ka gani: sa f/16, ka ɗauki sarari kawai, ka buɗe a kwamfuta. Don haka kada ka canja lensi a fili. Ɗaura dogon tun daga ɗaki, in ka ga abin da ke son ƙaramin lensi ka ɗauka da waya. Wayar dai kada ka dogara da ita kan mai farfela, domin yadda take karanta hoto layi-layi yakan sa rassan su fito a tanƙware. Lokacin da sama ta fi kyau a wurinmu shi ne washegarin ruwa, da kuma ƙarshen damina zuwa kaka, ga shuɗi ga gajimare.

Abin da zan faɗa yanzu ya fi duk na baya muhimmanci. Kada ka je ka tsaya jikin shingen filin jirgi da dogon lensi ba tare da izini ba. Filin yana ƙarƙashin hukumar FAAN, in kana son ɗauka a ciki ko kusa, ka rubuta wa manajan filin, ka riƙe takardar a aljihu tare da katin shaidarka, da na ƙungiyar masu hoto in kana ciki. Jiragen soja da sansanoninsu kuwa, Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 ta hana ɗaukar hoton wuraren tsaro ba da izini ba. Ka san halin da yankinmu yake ciki da 'yan bindiga, ka kuma san nauyin kalmar infoma in aka jefi mutum da ita. In ka ga jirgin yaƙi ya wuce ta kan gonarku a ranar da ba biki ba, sauke kyamara. Kada ka ɗauka, balle ka sa a Facebook kana faɗin inda ya nufa. Ƙaramin jirgi marar matuƙi da wasu masu hoton biki suka fara saya shi ma yana buƙatar izinin hukumar NCAA da Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, kuma kusa da filin jirgi ba wurin tashinsa ba ne ko kaɗan. Daɗin ranar biki ke nan: ranar ce sojoji da kansu suka gayyato jama'a su kalla. Ko a nan, in an ce wannan ba a ɗauka, to ba a ɗauka.

Ranar bikin ka yi sammako ka zaɓi wuri tun kafin a cika. Duba inda rana za ta kasance sa'ad da za a fara tashi, ka kauce wa rumfa da sandar tuta da lasifika, ka nemi gaba-gaba don kada kawunan mutane da wayoyinsu su tare ka. Ƙarshen layin 'yan kallo sau da yawa ya fi tsakiya, domin a nan jirage ke karkata su juyo, ka sami bayan fikafikansu da gilashin matuƙi maimakon cikinsu. Kada ka nemi jirgin yaƙi da kunne. Sauti mita 340 yake ci a daƙiƙa, in jirgin yana nisan kilomita ɗaya, kafin ƙararsa ta iso ka daƙiƙa uku sun wuce, shi kuwa ya yi gaba da fiye da rabin kilomita. Ka saurari mai sanarwa, ka kuma kalli inda sojojin da ke ƙasa suke kallo, sun san ta inda za a ɓullo. In biyu za su gitta juna, bi ɗaya kawai, ka buɗe ɗaya idon, da ka hango na biyun ka danna ka riƙe. In sun zo a jere suna fesa hayaƙi kore da fari, rage zuƙowa, hayaƙin shi ne hoton. Kullum ka bar fili a gaban hancin jirgi fiye da bayansa.

Igiyar da aka gitta a gaban 'yan kallo kuwa, kada neman hoto ya sa ka tsallake ta. Ranar 28 ga Satumba 2018 jiragen F-7 guda biyu sun yi karo a sama wajen Katampe a Abuja suna atisayen bikin 'yancin kai, matuƙi ɗaya ya rasu. Tazarar da ake bari tsakanin jirage da jama'a saboda irin wannan ce. Ka tafi da ruwa da hula da abin toshe kunne, da farin ƙyalle da za ka lulluɓe kyamara in ba ka ɗauka, don baƙin jikinta yana shan rana.

Kada kuma sama ta ɗauke maka hankali ka manta da ƙasa, inda ka riga ka fi wasu ƙwarewa. Jiragen da aka jera don kallo, makaniken da ke duba taya, yaron da aka ɗaga ya leƙa kujerar matuƙi, dattijon da ya dafe hularsa ya ɗaga kai: waɗannan aikin mai hoton biki ne, kuma sau da yawa su jarida ta fi so. Ka durƙusa ka ɗauki jirgin daga ƙasa-ƙasa, ya fi kwarjini. Ka nemi izinin mutum kafin ka ɗauke shi.

In kuɗi ya samu, ga yadda zan kashe shi da ni ne kai: batir na biyu, memori mai sauri, 'yar robar hura ƙura, sai filtar ND mai rage haske don ka iya sauko da shota ba tare da ƙofar ta matse ba. Lensi mai kaiwa 400 ko 600 shi ne na ƙarshe, bayan hannunka ya zauna, domin dogon lensi yana ƙara girman jirgi yana kuma ƙara girman rawar hannu.

Da ka dawo gida, kada ka yanke hukunci da ɗan allon bayan kyamara, kowane hoto kyakkyawa ne a can. Buɗe su a kwamfuta ka zuƙo kan lambar da ke jikin jirgin wajen wutsiya. Jiragen farar hula na Nijeriya da 5N suke farawa, na Nijar da 5U, na Saudiyya da HZ. Wanda harufansa suka karantu tsaf ka ajiye, sauran ka goge ba tausayi, kuma kada ka yi mamaki in sun fi yawa nesa ba kusa ba, haka abin yake har ga ƙwararru. Waɗanda suka lalace, kafin ka goge, duba saurin shota da ƙofar haske da kyamara ta rubuta a jikin kowanne. In ka ga duk a 1/160 suke lalacewa, koma bakin hanya da abokinka mai babur.